Yaron da masassara ke dawo masa wata-wata: yadda ake bi da shi, da ko girma na raba shi da ita

Ɗana na biyu yana da shekara uku lokacin da abin ya soma. Da la'asar jiki ya yi zafi rau, ya ƙi tuwo, ya ƙi ko kunu, miyau na dalala a gefen baki saboda haɗiya ta zame masa aiki. Kwana huɗu ana fama, ran na biyar ya miƙe garau ya koma korar awaki a tsakar gida kamar ba shi ba. Bayan sati huɗu ga ta kuma. Da yake damina ce, kowa ya ce palu ne, muka sha magani muka yi shiru. To kaka ta wuce, ɗari ya shigo, sauro ya yi ƙasa, masassara ba ta saɓa alƙawari ko sau ɗaya ba. Mahaifiyata ta ce, “Kai dai ka tsaya nan da takardunka. Yaron nan beli ne, a kira wanzami.” Maƙwabciyarmu ta ce haƙori ne, alhali yaro ya gama fidda haƙoransa ashirin tuni.

Ni malamin lakwal ne, ba likita ba. Abin da zan zayyana nan shi ne hanyar da muka bi tare da likitan yara, da abin da na fahimta a cikin shekarun da muka yi muna kai da kawowa. Ba zai maye gurbin asibiti ba, amma zai sa ka je asibitin da abin da za a kama a hannu.

Mataki na ɗaya: a daina awo da tafin hannu

A Damagaram, cikin Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40, kowane yaro jikinsa zafi ne da shi. Tafin hannun uwar da ta taso daga bakin murhu ba zai raba zafin gari da zafin cuta ba. Sayi termometa irin mai lamba a farmasi. A share hammatar yaro ta bushe, a sa bakin termometa a tsakiyar hammata, a manne hannunsa da jikinsa har ta yi ƙara. A hammata, daga 37.5 ma'aikatan lafiya ke fara lissafa shi cikin masu masassara. 38 zuwa sama kuwa ba gardama. A auna safe da yamma, kuma kafin a ba da magani, don awon bayan farasitamol ƙarya yake yi.

Mataki na biyu: a buɗe kaye

Wannan shi ne ginshiƙin maganar duka, kuma shi ne mafi arha. Kaye guda na ƴan lakwal, a ajiye shi tare da karnen rigakafin yaro. Duk lokacin da masassara ta zo a rubuta ranar da ta fara, da ranar da ta sauka, da lamba mafi sama da termometa ta nuna kowace rana. Sannan a rubuta abin da ya rako ta: akwai majina da tari, ko babu? Gudawa? Amai? Yana kukan ciki, ko ƙirji, ko gaɓa? A haska masa baki da fitilar salula a duba cikin leɓe da gefen harshe ko akwai ƴan miki farare masu jan baki. A shafa ƙarƙashin muƙamuƙi da gefen wuya a ji ko kaluluwa ta fito. A rubuta gwajin da aka yi da sakamakonsa, da sunan kowane magani, har da jiƙo da rubutun sha in an ba shi. Kar a ji kunyar rubuta su. Likita na bukatar sani.

Abu biyu ake mantawa, su ne kuwa suka fi amfani. Na farko, shin wani a gidan ya kamu a lokacin? Na biyu, yaya yaron yake a tsakanin ciwo da ciwo: yana ci, yana wasa, nauyinsa na hawa? A riƙa ɗora shi a sikeli wata-wata ana rubutawa. Idan uwa ba ta rubutu, ta sa wa ko yayar yaron mai zuwa lakwal, ko ta yi zane a kalanda, ko ta ɗauki saƙon murya a waya tana faɗin rana. Hoton maƙogwaro da na mikin baki ma a ɗauka, don ranar da za ka samu ganin likita galibi ita ce ranar da komai ya baje.

Me ya sa na dage a kan wannan? Ranar farko da likita ya tambaye mu, “Sau nawa ke nan?” ni na ce sau biyar, uwarsa ta ce ya fi goma. Ya ce kwana nawa take yi, muka dubi juna. Sai ya rufe karne ya ce, “Malam, ku je ku rubuta mini wata uku, mu sake zama.” A ranar na ji haushi, na ga kamar ya sallame mu hannu banza. Ashe magani mafi girma ya ba mu.

Mataki na uku: a san ranar da ba a jira

Rubutu ba ya nufin zaman kallo. Akwai alamomin da ko ƙarfe biyun dare ne a nemi kabukabu ko ɗan sahu a tafi: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, numfashi na sauri ko haƙarƙari na lotsawa, wuya ya sanƙare, maɗiga ta kumbura, tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat, ido ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu kamar shayi mai kauri. Jariri ƙasa da wata uku kuwa masassara kaɗai ta isa dalili, ko da yana dariya. Haka yaro mai sikila. Haka kuma masassarar da ta kai kwana bakwai kullum ba hutu.

Iyayen da suka saba da masassarar wata-wata su suka fi shiga haɗari a nan, domin sabo na sa a ce “ai tasa ce ta dawo”. Yaron da ke da masassara mai zagayowa bai fi ƙarfin sanƙarau ba a lokacin ɗari da bazara, bai kuma fi ƙarfin palu mai tsanani ba da damina. Duk ranar da ciwon ya zo da wata fuska daban da wadda ke cikin kaye, a ɗauke shi sabon ciwo.

Mataki na huɗu: a gwada palu kowane zuwa, a kuma gama maganinsa

A ƙasarmu, musamman daga Yuli zuwa Oktoba, yaro mai masassara mai palu ne har sai gwaji ya wanke shi. Saboda haka kowane zuwa a je CSI, ƙaramin asibitin gwamnati na kusa, a tsaga yatsa. Tun 2006 doka ta ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a asibitocin gwamnati. Kowa ya san wani lokaci a rubuto maka ordonansi ka je waje ka saya, amma duk da haka gwajin ya fi sayen ƙwaya a tire a bakin Kasuwar Dole.

In gwaji ya nuna palu, maganin da aka fi bayarwa, irin su Coartem, sha shida ne cikin kwana uku: na farko, na biyu bayan awa takwas, sannan safe da yamma kwana biyu. A haɗa shi da nono ko madara ko abinci mai ɗan maiƙo, don ta haka yake shiga jiki da kyau. Da yawa daga abin da muke kira masassara mai dawowa ba komai ba ne illa wannan: yaro ya sha biyu ko uku, jiki ya yi sanyi, a ɓoye sauran a ƙarƙashin katifa don ƙaninsa. Ƙwayar cutar ba ta mutu ba, bayan sati biyu ko uku ta ɗago kai.

Akwai kuma wani tarko da ya kama mu. Gwajin nan na sauri na iya ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan an kashe palu, domin abin da yake ganowa saura ne da ƙwayar ta bari a jini. Yaron da ya yi palu na gaskiya a watan jiya, in wata masassara daban ta zo masa yau, gwaji zai iya cewa palu ne. Mu sau biyu aka sake ba mu magani a kan haka. Idan bai kai wata guda da shan magani ba, faɗa wa majo ka roƙi a duba jinin a madubin awo, wanda suke kira gut epes, don a ga ko ƙwayar na nan da ranta.

Sai rigakafin damina. Masu bi gida-gida da maganin CPS na kariya daga palu, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata a watannin ruwa, suna ba da na ranar farko a gabansu su bar maka na kwana biyu. Na kwana biyun nan a ba da shi. A kuma ɗaura sange kowane dare, har a daren da ake kwana a tsakar gida.

Mataki na biyar: a nemi ɓarayin gida kafin a zargi baƙo

Idan gwajin palu ya fito babu sau biyu, sau uku, masassara kuma na dawowa, lokaci ya yi da za a nemi takardar turawa zuwa wajen likitan yara, a babban asibitin ƙasa na Zinder ko cibiyar kula da uwa da yaro. Mutanen Mirya, Magarya, Matamai da Tanut su fara da asibitin gundumarsu. Kafin a kai ga cututtuka masu dogon suna, akwai na kusa da ya kamata a kore ɗaya bayan ɗaya.

Sikila, wadda wasu ke kira emasi, ita ce ta farko. Idan yaro ya taɓa kumburin bayan hannu ko na ƙafa yana jariri, ko yana yawan ƙarancin jini, ko ido na yin rawaya, ko an taɓa rasa yara a dangi ta irin wannan hanya, a yi gwajin nau'in jini. Sau ɗaya ake yinsa a rayuwa. Sai ciwon mafitsara, wanda a ƙananan yara, musamman mata, sau da yawa ba ya zuwa da komai sai masassara. Gwajin fitsari ne kawai ke tona shi, kuma in ana sakaci yana taɓa ƙoda. Sai tarin fuka, idan akwai babba mai tari a gidan, yaro kuma na ramewa yana gumin dare. Sai tamowa, wadda ke karya garkuwar jiki har kowace iska ta kada yaro. Sai ciwon kunne mai ruwa. Likita zai iya neman a yi gwajin sida; kar a ɗauka zagi ne, ƙa'idar aiki ce. A gidajen da ake shan madarar da ba a tafasa ba, ko yara na kwana kusa da garke, a faɗa masa, domin akwai cutar dabbobi da ke kawo masassara mai tafiya tana dawowa, akwai kuma wadda kaska ke sawa.

Taifot kuwa a yi hattara da ita. Gwajin Widal da ake yawan yi yana nuna “akwai” ga mutane da dama da ba su da ita. Na san gidajen da yaro ya sha maganin taifot sau huɗu a shekara a kan wannan takarda kaɗai.

Mataki na shida: a zauna a karanta kayen

Bayan wata uku zuwa shida, buɗe kaye ka ƙirga kwanakin da ke tsakanin farkon wannan ciwo da farkon na gaba. Hoto ɗaya cikin uku zai fito.

Na farko, kuma shi ya fi yawa nesa ba kusa ba: ba tsari. Yau mura, bayan kwana goma gudawa, bayan wata biyu tari, kuma duk lokacin akwai wani a gida ko a makarantar allo da ya riga shi. Wannan ba cuta ɗaya ba ce mai dawowa, cututtuka ne daban-daban ke layi. Ƙaramin yaro lafiyayye na iya yin mura sau shida zuwa takwas a shekara, wanda ke cikin yara da yawa ya fi haka. In nauyinsa na hawa, hankali ya kwanta.

Na biyu: masassara ba ta tafiya sosai, yaro ba ya komawa daidai a tsakani, yana ramewa, ya yi fari, yana kukan ƙashi, ko ciki na girma, ko jini na fita a dasashi. Wannan ba na jira ba ne, bincike mai zurfi yake so yanzu.

Na uku shi ne namu. Da na ƙirga sai na ga 27, 29, 28, 26. Kowane zuwa kwana huɗu, zafi ya haura 39 har ya taɓa 40, maƙogwaro ja, kaluluwa a wuya, wani lokaci miki biyu a cikin leɓe. Ba majina, ba tari, ba wanda ya kamu a gidan. A tsakani kuwa yaro kamar doki. Har uwarsa ta kai tana cewa, “Jibi ne fa,” kuma jibin ya zo da ita.

Wannan hoton yana da suna. Likitoci na kiransa PFAPA, haruffan farko na alamominsa huɗu: masassara mai zagayowa, mikin baki, kumburin maƙogwaro, da kaluluwar wuya. Wani likita mai suna Marshall da abokan aikinsa ne suka fara bayyana shi a Amurka a 1987. Yakan fara kafin shekara biyar, ya yi kwana uku zuwa shida, ya dawo bayan sati uku zuwa shida. Ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba. Garkuwar jikin yaron ce ke tashi da faɗa ba tare da abokin gaba ba, ta yi ta huce da kanta. Shi ya sa ba ya yaɗuwa, kuma shi ya sa amoksisilin ba ya yi masa komai. Mu kwalba nawa muka sha muna yaba maganin, alhali kwana huɗun ne suka cika.

Babu gwajin jini guda da zai ce ga shi. Ana gane shi ne da tsarin kaye, da kore sauran. Abin da likita zai so shi ne ya ga yaron sau biyu: ranar da yake cikin zafi, da ranar da yake garau. A jinin ranar zafi alamar kumburi, wadda suke kira CRP, tana hawa. A na ranar lafiya ta koma daidai. Idan zagayen ya tsaya cak a kan kwana 21, ga mikin baki mai yawa da ciwon dasashi da marurai, zai so a ƙirga fararen ƙwayoyin jini sau biyu ko uku a sati har sati shida, domin akwai wata cuta daban da sojojin jini ke faɗuwa duk sati uku, ita kuma tana da haɗari.

Akwai ƴan uwansa na gado da ba su da yawa. Wanda ya fi shahara shi ne zazzaɓin Bahar Rum na gado, mai yawa a cikin Turkawa, Armeniyawa, Larabawa da Yahudawa. Nasa gajere ne, kwana ɗaya zuwa uku, da ciwon ciki mai tsanani har a zaci na tiyata ne, ko ciwon ƙirji, ko kumburin gwiwa da idon sawu. Gidan da ke da jini da Libiya ko Aljeriya ko Masar, ko ake auren zumunci kuma wasu a dangi na irin wannan ciwo, su ambata wa likita.

Mataki na bakwai: jinyar kwanakin zafi

Farasitamol da nauyi ake ba da shi, ba da shekaru ba, ba kuma da “rabin ƙwaya” ba. Miligiram 15 ga kowane kilo, duk awa shida, kar a wuce sau huɗu a yini da dare. Yaro mai kilo 10 zai sha miligiram 150. In siro ɗin mai 120 ne a cikin mililita 5, wajen mililita 6 ke nan. Mai kilo 15, wajen mililita 9. A duba jikin kwalba kowane saye don ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, a kuma auna da sirinji ko murfin awo, ba cokalin shayi ba. A lura da magungunan mura masu haɗe-haɗe, da yawansu akwai farasitamol a ciki, sai a ninka ba a sani ba, hanta ce ke biya. Ibuprofen na taimakawa, amma ba a ba yaron da ke amai da gudawa ko wanda bai sha ruwa sosai ba. Asfirin kuwa ba na yara ba ne sam.

A rage masa kaya, kar a lulluɓe shi da bargo don ya yi gumi, kar kuma a kwara masa ruwan randa. In za a shafa jiki, da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Abin sha shi ne babba: nono, ruwa, kunu mai ruwa-ruwa, romo, kaɗan-kaɗan a kai a kai. Mai mikin baki a kauce masa yaji da tsami. Nono mai sanyi da fura mai laushi sun fi shiga. In ya ƙi tuwo kwana uku amma yana sha yana fitsari, ba abin tashin hankali ba ne, zai rama.

Idan jijjiga ta zo, wadda tsofaffi ke kira bugun tsuntsu, a kwantar da shi a gefensa a ƙasa, a kawar da abin da zai buge, a duba agogo. Kar a cusa cokali ko yatsa a baki, kar a ɗura ruwa ko jiƙo, kar a kara shi a hayaƙi. Da ta lafa, ko ta kai minti biyar ba ta lafa ba, a tafi asibiti. A wasu ƙasashe a iya cewa jijjigar zafi ce kawai; a nan sai an kore palu da sanƙarau.

Mataki na takwas: maganin da likita kaɗai ke yankewa

Ga PFAPA akwai hanya uku. Ta farko, sha ɗaya na piredinizon a farkon ciwo, gwargwadon nauyin yaro. Ranar da muka fara gwadawa, an ba shi da azahar, kafin isha yana zaune yana cin shinkafa. Na tsaya ina kallonsa kamar an yi mini rufa-ido. Amma yana da halinsa: ga wasu yaran yana matso da zagayen kusa, namu ya sauko daga sati huɗu zuwa uku. Kuma dangin maganin nan ne ake tallarsa a matsayin “sha ka fashe”. In aka riƙa ba yaro barkatai yana hana tsawo, yana karya garkuwa, yana rufe alamar cuta mai kisa. Ba a ba da shi sai an gwada palu a ranar, kuma sai likita ya riga ya tabbatar da abin da ake jinya. Hanya ta biyu, kolshisin kullum don tazarar ta ƙaru. Ta uku, tiyatar cire amigdal, tsokoki biyun nan da ke gefe da gefen maƙogwaro, wadda ke raba mafi yawan yaran da ciwon gaba ɗaya. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro ke yin ta, da maganin barci, idan ciwon ya hana yaro karatu da sakewa.

A nan sai da na zauna da mahaifiyata, domin da ta ji “cirewa a maƙogwaro” sai ta ce, “To ba abin da na faɗa tun farko ke nan ba?” Na ce, “Inna, ba shi ba ne. Beli shi ne ɗan naman da ke reto a tsakiya, wannan kuwa a gefe suke, kuma ba a taɓa su da aska a zaure.” Cire beli ba ya maganin masassara kowace iri. Abin da yake jawowa zubar jini ne, da shigar ƙwayar cuta, da tetanus, yaro kuma ya ƙi abinci kwanaki a lokacin da ya fi bukatarsa. Ba ta yarda a ranar ba. Kayen na ɗauko na karanta mata ranakun, na ce ta jira 14 ga wata ta gani. Da ta gani, ba ta sake ambatar wanzami ba, sai dai ta ƙara yawan addu'a, wannan kuwa muna so.

Rigakafin yara na karne kar a dakatar da shi saboda wannan ciwo. A dai daidaita ranar ta faɗo a lokacin da yake garau. Malamin ajinsu ma a gaya masa ciwon ba ya yaɗuwa, kuma yaron zai riƙa rasa kwana huɗu a wata.

To, yana girma ya rabu da ita?

Amsar tana ga sunan abin da ke kawo ta, shi ya sa duk wahalar matakan baya. Mura da gudawar yarinta suna raguwa da kansu yayin da yaro ya kai shekarun shiga lakwal, jiki ya riga ya san yawancin baƙin. Jijjigar zafi ta yara ce daga wata shida zuwa shekara biyar, tana wucewa wajen shekara shida, kuma mafi yawan masu yin ta ba sa zama masu farfaɗiya. Palu yana sassautawa da girma saboda jiki na samun ɗan sabo, amma ba ya barin kowa, kuma a wurare irin namu da yake zuwa da damina kaɗai, ƴan shekara bakwai da goma ma yana kayar da su.

PFAPA, ga mafi yawan yara, yana tafiya da kansa. Alamar tafiyarsa ita ce tazara ta fara buɗewa, zafin ya rage kaifi, har wata rana a lura an yi wata biyar shiru. Galibi hakan na faruwa wajen shekara goma ko kafin balaga, bayan an yi shekaru ana fama. Kaɗan daga ciki yana bin su har girma, ko ya tafi ya leƙo bayan shekaru. Ba ya hana tsawo, ba ya taɓa ƙwaƙwalwa, ba ya lalata wata gaɓa.

Sikila ba a girma a bar ta, kuma masassara gare ta abin gaggawa ce a kowane shekaru. Zazzaɓin Bahar Rum ma na rai da rai ne: tun 1972 aka gano kolshisin na tare shi, kuma ana shan sa kullum ko da an daina jin ciwo, domin kumburin da ba a tare ba yana tara wani abu a ƙoda ya kashe ta a hankali. Ciwon mafitsara, tarin fuka da tamowa kuwa ba girma suke jira ba, magani suke jira. Wanda ya ce maka “bar shi, zai girma ya bari” ba tare da ya san wanne ne daga cikin waɗannan ba, caca yake yi da ɗanka.

Mu ba mu kai ga tiyata ba. Yana shekara shida tazarar ta koma sati bakwai, sannan wata uku. Yanzu yana cikin ta tara. Kayen na nan cikin akwati tare da takardun haihuwa, bangonsa ya sha man farasitamol. Layin ƙarshe da ke ciki na watan azumin bara ne, da rubutun uwarsa: kwana biyu, 38.4, ya ci tuwo.